Gurbi Shida a Cikin Kogi

A cikin gem ɗin Pokémon Ruby da Sapphire, wanda ya fito a Japan a watan Nuwamba na 2002, akwai wani kifi da ake kira Feebas. Ba shi da kyan gani: jiki ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare, fiffike a yayyage, idanu sun zurma. Ƙarfin faɗa ma babu. Duk da haka, cikin halittu 386 da wasan yake da su a wancan zamani, kaɗan ne suka kai shi wuyar kamu. Wuri ɗaya yake zaune a duk faɗin ƙasar wasan, wani dogon kogi da ya ratsa Hanya ta 119, inda ruwan sama ba ya cika ɗaukewa. Waɗanda suka ƙera wasan sun yanka ruwan kogin gurbi-gurbi, fiye da 400, suka zuba kifin a shida kacal. Ba kumfa, ba inuwa, ba wata alama da ta raba gurbin kifi da na kusa da shi. Abokinka da ya kama nasa ba zai iya nuna maka wurin ba, domin guraben da ke wasansa ba su ne a naka ba. Ko da ka dace ka tsaya daidai kan gurbin, in kifi ya kama fatsarka rabi da rabi ne: ko Feebas ya fito, ko wani tarkacen kifi.

Duk wanda ya ji wannan bayani, tambayarsa ɗaya ce: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa? Ni dai na ce tana biya. Amma ba duk abin da aka ɓoye a tsofaffin wasannin nan ne ya cancanci a sha wuyarsa ba, kuma gane wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba shi ne rabin gwanintar.

Mai karatu na iya mamakin me ya haɗa wasan Japan na shekara ashirin da ɗoriya da ƙasar Kura da Bunkure. Jira ne ya haɗa su. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan Kogin Kano yake gangarowa ta babban kanal ya rarrabu cikin gonakin Kura da Garun Malam da Bunkure, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da damina. Tumatir da albasa da alkama da masara da rani. Aiki ne na karya ƙugu, amma a tsakaninsa akwai dogon zama. Wanda gonarsa take can ƙarshen kanal sai na sama sun ƙoshi ruwa yake iso masa, wani lokaci cikin dare. In shinkafa ta fara zuba ido, sai an sa yaro gadi daga hudowar rana zuwa faɗuwarta saboda jan-baki. Wanda ya kai tumatir Kwanar Gafan yakan zauna kan kwandunansa yana jiran dillali da mota. Matasan da ke wannan zama da waya a hannunsu suke yi, kuma ba kullum ake da kuɗin data ba. Wannan tsohon gem na Game Boy Advance bai wuce megabait 16 ba, ana tura shi daga waya zuwa waya, ba ya neman intanet, ba ya shan caji kamar bidiyo. Ƙaramar manhaja ce kawai ake sakawa, mai sa waya ta yi aikin tsohuwar na'urar. Kamfanin Nintendo bai yarda da wannan hanya ba, gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Amma ta nan wasan ya iso hannun yaran da kaset ɗinsa bai taɓa zuwa kasuwar garinsu ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi. Mutumin da ya ƙirƙiro Pokémon, Satoshi Tajiri, an haife shi a 1965, ya tashi a Machida da ke gefen Tokyo lokacin da wurin yake da gonakin shinkafa da kududdufai da kurmi. Yarintarsa a farautar ƙwari ta ƙare. Yana ji yana gani birni ya cinye wuraren, aka malale su da kwalta da siminti. Wasan da kamfaninsa na Game Freak ya fitar a 1996 yunƙuri ne na mayar wa yaran birni abin da suka rasa: ka kutsa cikin ciyawa ba ka san me za ka tarar ba, ka kama, ka adana, ka yi musaya da aboki. Abin da Tajiri ya rasa, yaron Kura yana da shi har gobe. Ya san lokacin da fara take sanyin jiki da asuba, ya san ramin gyare, ya san daren da shinge zai fito bayan ruwa, ya san lungun kanal da tarwaɗa take laɓewa in an rage ruwa. Ba sai an yi masa bayanin cewa kowace halitta tana da wurinta da lokacinta ba. Shi ya sa in irin wannan yaro ya riƙi wasan da gaske, yakan yi masa riƙon da ya fi na wanda ya taso a kan kujerar falo.

A wurin wani ɗan wana na ga yadda ake neman Feebas, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina ba wayar ba ce, takarda ce. Ya yago tsakiyar littafin lissafi mai gida-gida, ya zana kogin tun daga ƙasa har sama, da kwanoninsa da duwatsunsa da gadar da ta haye shi. Duk gurbin da ya gwada sai ya sa masa alama da biro. Ba ya tsalle. Daga gaɓar hagu yake farawa ya bi layi zuwa ta dama, ya matsa gaba taki ɗaya, ya dawo. Yadda mai ban ruwa yake bin fangali ke nan: ya buɗe wannan, ya jira ya cika, ya toshe, ya buɗe na gaba, domin ya san in ya bar ɗaya a baya bisa zaton ya sha, nan ne shuka za ta ƙone. Mafi yawan masu cewa kifin ƙarya ne, a nan suke faɗuwa. Sukan yi ta yawo a kan ruwa suna jifa inda ransu ya ba su, su maimaita gurbi ɗaya sau biyar ba su sani ba, su bar wani lungu ko sau ɗaya ba su taɓa shi ba.

Sai ƙa'ida ta biyu, wadda ba a rubuta ta a ko'ina cikin wasan ba: jifan da ba a fito da kifi ba, ba jifa ba ne. Sau da yawa za ka jefa fatsa, ka jira, a ce maka ko motsi babu. Wani lokaci kifi ya ja, ka makara wajen danna maɓalli, ya kufce, domin damar da ake ba ka ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Duk wannan bai gaya maka komai game da gurbin ba. Sai ka ga abin da ya fito ido da ido sannan biro ya taɓa takarda.

Abin da ya fi burge ni shi ne sandar da yake amfani da ita. Wasan yana da sandunan fatsa uku: tsohuwa, da matsakaiciya, da babba wadda kowa yake ɗokin samu don ita ke fito da manyan kifaye. Na ga ya ajiye babbar yana aiki da tsohuwar, wadda wani masunci yake bayarwa kyauta tun farkon tafiya a garin Dewford. Na tambaye shi dalili.

Ya ce, "Baffa, ai shi wannan kifin ba ruwansa da sanda. Kowacce ka jefa masa zai kama. Babbar sai ka yi ta ja-in-ja da kifi, wani lokaci har sau biyar ko shida, kuskure ɗaya ya tafi. Tsohuwar kuwa ja ɗaya ne. Kuma in ba shi ba ne, ɗan ƙaramin abu take fitowa da shi, sai in gudu in bar shi in matsa gaba."

Gaskiyarsa. A irin wannan nema, yawan guraben da ka share ne abin lissafi, don haka duk abin da zai rage tsawon jifa ɗaya riba ne ninki ɗari huɗu. Wanda bai fahimci aikin ba zai ɗauki kayan da ya fi tsada. Wanda ya fahimta zai ɗauki wanda ya dace.

Daga nan sai gardamar da ta raba masu neman gida biyu: sau nawa ake gwada gurbi kafin a wuce shi? Wasu suna cewa biyu, wasu uku. Hujjarsu a fili take. Tun da rabi da rabi ne, in ka gwada sau ɗaya ka wuce, mai yiwuwa ka taka kan kifin ka bar shi. In ka yi biyu, haɗarin ya koma ɗaya cikin huɗu. In uku ne, ɗaya cikin takwas. Magana ce mai kwantar da rai, amma lissafi bai goyi bayanta ba. Gurbin ba ɗaya ba ne, shida ne. Jifan farko a gurbin da ba ka taɓa gwadawa ba, damar dacewa kusan 1 cikin 150 ce. In ka sake jefawa a inda wani kifi ya riga ya fito, ta ragu zuwa kusan 1 cikin 300, domin fitowar wancan kifin ita kanta shaida ce, ko da ba cikakkiya ba, cewa gurbin fanko ne. Sabon gurbi kullum ya ninka tsoho daraja. Kuma in ka share kogin kaf da jifa ɗaiɗai, kafin ka rasa dukkan shidan sai rashin sa'a ya same ka sau shida a jere, wato 1 cikin 64. In hakan ta faru, sai ka juya takarda ka sake zagaye. Ina tare da masu jifa ɗaya. Na kuma san abin da yake hana mutane bin su: zuciya ba ta son barin wuri da shakka. Iya wuce gurbi alhali kana sane cewa wataƙila kifin yana ƙarƙashinka, don ka yarda da lissafinka fiye da ɗar-ɗar ɗin ranka, wannan ba ƙaramin horo ba ne ga yaro ɗan shekara goma sha.

Akwai tarko guda da ke rushe aikin gaba ɗaya, kuma yana can nesa da kogin. A garin Dewford mutane suna da wata kalma da suke yayi, kowa ita ce a bakinsa. Wani yaro a ƙofar zauren garin yakan tambaye ka ko ka san wadda ta fi ta tashe. In ka ba shi sabuwa ta karɓu, guraben kifi shida a Hanya ta 119 sun tashi ke nan, sun koma wasu wurare. Wasan ba ya faɗa maka. Haka in ka haɗa bayanan wasanka da na aboki, ko kwanaki suka shuɗe yayin ya sauya da kansa. Don haka mai nema yakan rubuta kalmar yayin a saman takardarsa ranar da ya fara, in ya yi kwana biyu bai taɓa wasan ba ya je ya duba tana nan ko ta canza. In ta canza, takardar ta zama ta kunna wuta. Ban san wani wuri a wasannin yara da aka ɗaure abu biyu masu nisa haka da zare marar ganuwa ba, surutun 'yan gari a tsibiri da mazaunin kifi a kogin da ke can wani yanki. 'Yan wasa ne suka gano alaƙar, wasu ta gwaji, wasu ta tona cikin lissafin wasan. A yau har akwai masu iya zaƙulo guraben daga fayil ɗin da aka adana wasa a ciki. Ita ma gwaninta ce, ta masu kwamfuta, ba ta masunta ba.

To, kifi ya fito. Sabon shiga yakan kama ɗaya ya ruga da murna. Gwani kuwa ba ya motsawa daga gurbin. Yakan zagaye shi da jan biro, ya adana wasan, ya ci gaba da jifa har ya tara da dama, domin aiki na biyu yana gaba, kuma ba kowane Feebas ne zai iya shi ba.

Dalilin duk wannan wahala shi ne abin da kifin yake rikiɗa ya zama: Milotic, doguwar halittar ruwa mai tsawon fiye da mita 6, jiki fari-fari, wutsiya mai sulke shuɗi da ja, wadda wasan da kansa yake cewa babu mai kyanta. Tana da juriya a faɗa, tana iya warkar da kanta. Mai wasa yakan fara ganin ta a hannun Wallace, shugaban ɗakin gwaji na takwas a Ruby da Sapphire, zakaran ƙasa kuma a Emerald na 2004, sai ya yi ta neman inda ake kama ta bai samu ba, domin ba a kama ta a ko'ina. Sauran halittu da yawa faɗa ne yake girmar da su har su rikiɗa. Feebas ko ya kai matakin ƙarshe yana nan mummunansa, sai makin kyansa ya kai 170 cikin 255. Kyan kuwa daga wata alewa yake zuwa, mai suna Pokéblock, wadda ake niƙawa daga 'ya'yan itace. Shuɗiyar ake so, mai bushe baki. Ga inda tarkon yake: cikin kifin yana cika. Kowace alewa tana ƙara kyau, tana kuma cin wuri, in wurin ya ƙare ba zai sake karɓar ko ɗaya ba har abada. Wanda ya ɗura masa alewa marar ƙarfi zai wayi gari kifi ya ƙoshi, kyau ya tsaya a hanya, ba gyara. Shi ya sa ake tara su da yawa a duba halin kowanne. Waɗanda aka rubuta wa Modest, Mild, Rash ko Quiet suna son shuɗiyar alewa, tana yi musu aiki fiye da sauran. Waɗanda aka rubuta wa Adamant, Impish, Jolly ko Careful ba sa ƙaunar ta, sai a ajiye su don kiwo. Gidan reno na Hanya ta 117 yana ba da ƙwai, don haka wanda ya sha wuyar kogi sau ɗaya ba ya komawa.

'Ya'yan itacen kuma shuka su ake yi. Akwai filayen ƙasa mai laushi a gefen hanyoyi, akwai butar ban ruwa da ake bayarwa a shagon furanni na Hanya ta 104. Shuka tana bin matakai huɗu kafin ta yi 'ya'ya, kuma yawan abin da za ka tsinka ya danganta da matakai nawa ka shayar. Ba yawan ruwan ba, dacewar lokacinsa. In ka kwarara mata sau goma a mataki ɗaya, ɗaya aka rubuta maka. Agogon gaske take bi: Chesto awa 12 ne, Pamtre, wadda ta fi kowacce ƙarfin shuɗi, kwana uku cur, kuma irinta ba a samun sa sai a hannun matar wani tsoho mai lambu a Hanya ta 123, in ka faɗa mata kalmomin da take son ji. Ɗan manomin rani ba ya buƙatar a fassara masa wannan sashe. Ya taso yana jin cewa ruwan da aka hana alkama lokacin fitar kai ba a rama shi daga baya. Na ga yaron nan yana shuka da asuba kafin ya tafi gona, ya shayar da hantsi, ya shayar bayan azahar, don ya lissafa awannin tun kafin ya binne irin. Wajen niƙa ma akwai hannu: injin yana juyawa, kana danna maɓalli daidai lokacin da kibiya ta zo kanka, gwargwadon daidaitonka gwargwadon gudun injin da ƙarfin alewar, kuma in mahaɗan sun fi yawa alewar takan fi sauƙi a ciki.

Agogon nan shi ne ciwon tsofaffin kaset. Ƙaramin batir ne a ciki yake riƙe da lokaci, in ya mutu sai wasan ya tsaya a rana ɗaya: yayin Dewford ba ya sauyawa da kansa, kifi yana zaune inda yake, amma shuka ba ta tsiro. A waya kuma dole a tabbata an kunna agogon manhajar tun farko, in ba haka ba mutum zai yi ta zuba ruwa a ƙasar da ba za ta taɓa tsagewa ba. Manhajar tana da maɓallin ƙara gudu, ban ga laifin amfani da shi wajen tafiya ba, tun da ba ya nuna maka inda kifi yake, kuma in ka bar shi a kunne lokacin ja, hannunka ba zai cim ma kifin ba. Lambar satar hanya da ke jefo maka Milotic cikin jaka kuwa, halittar za ta ba ka, ban da duk abin da na lissafa a sama. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, wannan kuwa an miƙo masa ne a dafe.

Ɓoyayyen abu na biyu da nake ganin ya cancanci wahala shi ne kogon da ke Hanya ta 134. Sai ka bi igiyar ruwa mai fizga ta daidai layin da zai kai ka wani ɗan wuri mai zurfi, in ka kuskure ta watsar da kai can gaba ka sake zagayowa. Ka nutsa, ka ɓullo cikin ɗaki, ka tarar da bango cike da ɗige-ɗige. Rubutun makafi ne, tsarin ɗigo shida da Bafaranshe Louis Braille ya wallafa a 1829. Waɗanda suka sayi kaset sun sami jadawalin haruffan a ɗan littafin da ke cikin kwali. Mai waya ba shi da kwali. Amma an jera haruffan a kan duwatsun ɗakin farko, rukuni-rukuni, don haka mai lura zai iya kwafe su a takarda ya haɗa jadawalinsa da kansa, ya karanta umarnin harafi bayan harafi: inda zai tona, halittu biyun da zai zo da su, Relicanth da Wailord, wacce a gaba wacce a baya. A Emerald an juya jerin, don haka haddar da aka ɗauko daga bakin wani ba ta aiki sai an karanta. In an yi daidai, ƙofofi uku suna buɗewa a wurare uku masu nisa da juna, kowacce da nata umarnin a bango kafin a kai ga Regirock da Regice da Registeel. A Ruby da Sapphire, ɗaya daga ciki abin da take nema kawai shi ne ka tsaya cik minti biyu ba ka taɓa komai ba. Yaron da ya bi wannan hanya ya fita da abin da zai amfane shi a wajen wasa: ya san cewa ɗige-ɗigen da yake gani a jikin kwalin wasu magunguna rubutu ne, irin wanda ɗalibai makafi suke karatu da shi a makarantar Tudun Maliki a Kano, kuma ya ɗanɗana yadda ake warware rubutun da ba a koya masa ba.

Ban da waɗannan, akwai waɗanda nake hana yara ɓata lokaci a kansu. Babbansu shi ne tsibirin da ke ɓacewa a Hanya ta 130. Kullum wasan yana zaɓar lamba ɗaya cikin 65,536, in ta yi daidai da ɓoyayyiyar lambar wata halitta cikin shidan da kake tafe da su, tsibirin ya bayyana a ranar. Da cikakkiyar tawaga, damar kusan 1 cikin 11,000 ce a rana, wato a matsakaicin lissafi jiran shekara 30 ga wanda bai sauya tawaga ba. Iyakar dabarar ita ce ka yi ta kwaso halittu daga ma'aji shida-shida kana kai wa wani tsoho ya duba teku. Abin da ke tsibirin kuwa wata 'yar halitta ce da ake samun ƙwanta kyauta a wani gari, da itace guda. Ba taswirar da za ka zana, ba gurbin da za ka cire daga lissafi, jiya ba ta rage wa yau komai. A kogin Feebas kowane jifa yana matsar da kai gaba ko da bai fito da kifin ba. A nan kuwa wanda ya shekara yana dubawa da wanda ya fara yau matsayinsu ɗaya.

Haka nan halittun da aka kulle sai da tikitin da kamfani ya raba a bukukuwa da shaguna a Japan da Amurka da Turai. Mew na wasan farko, mutum 20 aka fara ba ta hanyar gasar mujallar CoroCoro a 1996. Waɗannan ƙofofi ba a taɓa kawo mabuɗinsu Kano ba, kuma an daɗe da rufe rabon. Rashin su ba gazawar kowa ba ce. Daga irin wannan kulle ne jita-jita take tsirowa, kamar tsohon labarin cewa Mew yana ƙarƙashin wata mota kusa da tashar jirgin ruwa a wasan farko. Motar tana nan, ba komai ƙarƙashinta, yaran duniya sun ƙarar da awanni suna tura ta. Mai gwaninta yakan tambayi mai ba da labari: kai ka gani da idonka, ko ji ka yi?

Kamfanin ya sassauta kan Feebas daga baya. Daga Black da White na 2010, ana iya rikiɗar da Feebas ta hanyar musaya in yana riƙe da wani sulke, ba shuka ba niƙa. A sabon zubin Ruby da Sapphire na 2014, kifin yana iya fitowa a ko'ina cikin kogin. Wanda Milotic kawai yake so, ya tafi can, ba abin kunya ba ne. Sai dai a can ba wanda zai yago takarda.

Yanzu waɗanda wayarsu take iya ɗaukar Diamond da Pearl na 2006 sun koma gardama kan wata halitta mai suna Munchlax. Bishiyoyi 21 ne a ƙasar wasan da ake shafa wa zuma, a jira awa 6 a dawo a ga abin da ya zo lasa. Huɗu ne kawai cikinsu Munchlax yake zuwa, sun bambanta daga mai wasa zuwa mai wasa, kuma ko a kansu 1 cikin 100 ne. Masu goyon baya suna cewa ai Feebas ne ya hau bishiya. Ban yarda ba. A kogi jifa ɗaya ko biyu suna gaya maka wani abu game da gurbi, a nan kuwa sai ka shafa wa bishiyar gaskiya zuma sau hamsin ba ta nuna maka ita ce ba, kuma tsakanin kowane gwaji da na gaba akwai awa shida. Shawarar da nake ba su ita ce su riƙa shafa zumar in hanya ta bi da su ta gindin bishiya, su duba in sun dawo, amma kada wanda ya tashi tsakar dare dominta, sai fa in dama ruwa ne ya iso gonarsu a wannan lokaci.